Suturar da Laka ta Adana

Wanda ya shiga kasuwar Dakoro ranar cinta zai ga jikin ɗan Adam cikin siffa iri-iri: Bahaushe cikin babbar riga wadda ta ninka faɗin kafaɗunsa, Buzu da rawanin turkuɗi da amawali ba a ganin komai sai idanu, Boɗaɗo kuwa da kitso da layu. Kowace sutura sake ƙera jiki take yi. To, yaya mutanen wannan yanki suke ado shekara dubu ko dubu biyu da suka wuce? Auduga da fata ba sa jure zama cikin ƙasa. Shaidar da ta rage ita ce mutum-mutumin gasasshiyar laka.

A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan siffofi a Nok, kudancin jihar Kaduna ta yau, daga baya Bernard Fagg ya gane darajarsu. Maginan Nok ba su damu da tsoka ko daidaiton gaɓoɓi ba, kai ma sukan girmama shi fiye da kima. Inda suka zuba ƙwarewa shi ne kitso da hula, da tsakiya jere-jere a wuya, da mundaye, da ɗamara a ƙugu. Tufa kaɗan ce, ado ne mai yawa, kuma a ganina adon ne yake faɗin ko wane ne mutumin.

A Nijar, labarin ya fito daga Bura, a jihar Tillaberi. An gano wurin a 1975, Boube Gado ya haƙa shi a 1983, ya sami makabarta cike da tuluna masu kawunan mutane. Fitaccen cikinsu mahayin doki ne wanda mundaye suka rufe hannunsa.

Bayan Musulunci ya kafu, ƙera siffar mutum ta ja baya, aikin ya koma hannun masaƙi da marini da maɗinki. Babbar riga ta juya al'amarin. Maginin Nok ya bar jiki a fili ya ɗora masa ado, ita kuwa ta ɓoye shi, ta ba shi girman da ba nasa ba, aka mai da adon kan ƙirjin rigar, kamar aska takwas.

Abin takaici, siffofin da suka fi kusa da Dakoro, wato waɗanda ake kira na Katsina da na Sakkwato, su ne aka fi jahilta. Akasarinsu masu haƙar sata suka tono, suka sayar wa dillalan Turai ba tare da an rubuta ramin da suka fito ba. Bura ma an wawashe ta bayan baje kolin Vallées du Niger da aka yi a Paris a 1993. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta saka su duka cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari.