Indiya-Hausa

Indiya-Hausa, ko fassarar finafinan Indiya, sana'a ce ta cire muryoyin 'yan wasa daga fim ɗin Indiya a ɗora muryoyin Hausa a madadinsu. Cibiyarta birnin Kano, kuma ta bunƙasa ne tun farkon shekarun 2010. Daga cikin sunayen da suka fi shahara a harkar akwai Algaita Dub Studio da Sultan Film Factory, har masu kallo kan ce "fassarar Algaita" ko "fassarar Sultan" kafin su ambaci sunan fim ɗin kansa. Galibin fassarorin da ke yawo a kasuwa ba a yi su da izinin kamfanonin Indiya ba, wanda hakan ya sa sana'ar ta shiga cikin muhawarar haƙƙin mallaka.

Asali

Finafinan Indiya sun shigo gidajen sinima na Arewacin Najeriya tun shekarun 1950, ta hannun 'yan kasuwa Labanawa. Mutane sun yi shekaru suna kallonsu ba tare da jin yaren Hindi ba, sai dai wanda ya kalli fim sau da yawa ya riƙa yi wa na kusa da shi bayani. Da zuwan kaset ɗin bidiyo, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama wurin kwafa da rarraba finafinai zuwa garuruwan Arewa da Nijar. Kwamfuta da manhajojin haɗa sauti ne suka mayar da wancan bayanin baki ya zama sana'a.

Yadda ake yi da yadda ake rarrabawa

Da yawa daga finafinan da ake fassarawa na kudancin Indiya ne, na yarukan Telugu da Tamil, masu yawan faɗa da ramuwar gayya. Mai fassara ba ya bin magana kalma da kalma. Yakan raɗa wa fim sabon suna, ya sa karin magana da habaici da ba'ar 'yan Kano a bakin jarumi, wani lokaci mutum ɗaya ya yi muryoyi da dama. Wannan gishirin shi ne abin da masu kallo ke nema, kuma shi ne ya bambanta wani gidan fassara da wani.

Da farko a faifan CD ake sayarwa. Daga baya kasuwar ta koma shagunan tura finafinai, inda ake zuba wa mutum fim a waya ko a memori a kan kuɗi kaɗan. Ta wannan hanya fim ɗin da aka fassara a Kano kan isa garuruwa irin su Rano da Kibiya da ƙauyukansu, ga mutanen da ba su da kuɗin data. Masu shirya finafinan Kannywood sun daɗe suna kukan cewa Indiya-Hausa ta janye musu masu saye. Su ma masu fassarar suna da nasu kukan, domin masu turawa kan kwafi aikinsu ba tare da biya ba, kuma da wuya su kai ƙara a kan fim ɗin da tun asali ba nasu ba ne.

Matsayin doka

Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a shekarar 1993, wadda Indiya ma ke cikinta. A ƙarƙashinta, fassara ko sauya fasalin aiki haƙƙi ne na mai aikin. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988, ta kuma tanadi hanyar da mai haƙƙi zai nemi a sauke aikinsa daga intanet. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke aiwatar da ita. Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, ta fi mayar da hankali ga tarbiyya da lasisin masu sana'a. A aikace, takurawar da ta fi taɓa masu ɗora Indiya-Hausa a intanet daga YouTube take zuwa: manhajarsa tana gane fim ɗin da ke da mai shi, kuma tashar da ta tara gargaɗi uku na haƙƙin mallaka ana iya rufe ta da duk abin da ke cikinta.

Kwatanci da fassarar manga

Mafi kusancin misali a duniya shi ne na manga, wato littattafan labarin zane na Japan, waɗanda masoyansu ke ɗaukar hoton shafukansu, su goge rubutun Japananci, su sa fassara, su ɗora a intanet. Bambancin shi ne yawancin masu fassara manga sa kai suke yi, kuɗin talla kuwa manyan shafukan da ke tattara aikinsu ne ke kwashewa.

A watan Yunin 2010 kamfanonin ɗab'i na Japan da na Amurka suka haɗa kai suka yi barazanar kai irin waɗannan shafuka kotu, wata guda bayan haka One Manga, ɗaya daga cikin mafi girma, ya cire littattafansa. Shafin Mangamura, wanda ke ɗora manga da Japananci, ya rufe a 2018. An kama mai shi, Romi Hoshino, a Manila a 2019, aka yanke masa ɗaurin shekara 3 a 2021, sannan a 2024 wata kotu a Tokyo ta umarce shi ya biya kamfanonin Shueisha da Shogakukan da Kadokawa yen biliyan 1.7. KissManga ya rufe a watan Agustan 2020, kuma daga Janairun 2021 dokar Japan ta haramta sauke manga da mutum ya san na sata ne. A watan Mayun 2025 MangaDex, inda ƙungiyoyin masu fassara ke ajiye aikinsu, ya cire dubban littattafai bayan koke daga kamfanoni.

Kowace rufewa ta watsa ƙungiyoyin ne, wasu suka daina, wasu suka koma ɓoyayyun zauruka, sababbin shafuka kuma suka ɓullo. An kuma yi asarar fassarar tsofaffin littattafai da babu kamfanin da ya taɓa sayen izininsu. Abin da ya fi sauya lamarin shi ne Manga Plus, wanda Shueisha ya buɗe a Janairun 2019, yana fitar da sababbin babi kyauta a ranar da suka fito a Japan. Kafin ƙarshen shekarar, MangaStream, da ya shahara wajen fassara waɗannan littattafan, ya rufe. Manga Plus ya fara da Turanci da Sifaniyanci, ya ƙara harsuna kamar Faransanci da Rashanci daga baya, amma babu harshen Afirka a cikinsu.

A ƙasar Hausa, makamancin wannan hanya ta halal ita ce ta gidajen talabijin irin su Arewa24, da aka buɗe a 2014, da tashar Dadin Kowa ta StarTimes, waɗanda ke nuna shirye-shiryen ƙasashen waje da muryoyin Hausa. Sai dai sun fi karkata ga wasanni masu dogon zango, finafinan faɗa na kudancin Indiya kuwa har yanzu a shagon turawa ake samunsu.