Babur ɗin ruwa: Abin da ya kamata mai hawa ya sani

Babur ɗin ruwa ƙaramin jirgi ne mai inji da ake hawa kamar babur, yana ɗaukar mutum ɗaya zuwa uku. Sunan da aka fi saninsa da shi, Jet Ski, asalinsa sunan samfurin kamfanin Kawasaki ne na Japan da ya shigo kasuwa a 1973. Yamaha na ƙera WaveRunner, kamfanin BRP na Kanada kuma Sea-Doo. Ana ba da hayarsa a bakin teku a Legas da Dubai, kuma da yawa daga cikin masu karɓar hayar ba su taɓa tuƙa komai a kan ruwa ba.

Kamanninsa da babur na yaudarar mutane. Ba shi da farfela a waje. Injin ne ke juya wani famfo da ke zuƙo ruwa ta ƙasan jirgin, ya fesar da shi da ƙarfi ta wani bututu a baya. Idan matuƙi ya karkata kan babur ɗin, bututun ne ke juyawa, ƙarfin feshin kuma shi ke karkatar da jirgin. Ke nan idan babu feshi, babu juyawa. Wanda ya saba da titi, da ya hango cikas sai ya saki totur, wannan ɗabi'a ce ta kowa. A kan ruwa kuwa sakin totur na raba shi da sitiyari: zai murɗa kan babur iya ƙarfinsa, jirgin ya ci gaba da sulalewa kai-tsaye zuwa ga abin da yake gudu. Abin yi shi ne a riƙe totur daidai gwargwado a kauce. Sababbin samfura na da na'urar da ke ɗan taimakawa a irin wannan hali, amma ba ta kai hannun da ya koya ba.

Haka batun birki. Tsofaffin samfura ba su da shi sam. Sai a 2009 Sea-Doo ya fito da birkin da ke mayar da feshin ruwa gaba. Ko mai birkin ba ya tsayawa cak. Manyan samfura na haura kilo 300, suna kuma gudun fiye da kilomita 100 a awa guda, don haka tazara mai yawa tsakanin matuƙi da masu iyo, kwalekwale, gada ko abokin hawa ita ce kariyarsa ta farko. Wani nazari da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar a 1998 ya gano cewa, saɓanin sauran jiragen shaƙatawa, masu mutuwa a kan babur ɗin ruwa sun fi mutuwa ta dalilin karo, ba nutsewa ba.

Wannan bai rage darajar rigar ceto ba, don wanda ya suma bayan karo ba ya iyo komai ƙwarewarsa. Dole ta zama daidai jiki, a ɗaure tam. Sai igiyar kashe inji, wadda ake maƙala wa a wuyan hannu ko a jikin rigar: da matuƙi ya faɗo, za ta fizge ta kashe injin. Wanda ya bar ta rataye a kan babur ya yi daidai da wanda ba shi da ita.

Akwai wani haɗari da kunya ke hana a faɗa. Fasinjan da ya faɗo ta baya kan faɗa cikin feshin, ruwan kuma na iya shiga jiki ta dubura ko gaba ya yi mummunan rauni a ciki. Shi ya sa kamfanonin ke gargaɗin a sa wando mai kauri irin na masu nutso. Tufafi masu yalwa, mayafi da dogon gashi na iya shiga mazuƙar ruwan, don haka a ɗaure su, kuma kada a tayar da inji alhali wani na kusa da bayan jirgin.

Idan jirgin ya kife, akwai takardar manne a bayansa da ke nuna ɓangaren da za a mirgina shi. Kuskure na iya sa ruwa ya shiga inji. Ta baya ake sake hawa, inji a kashe. Ba a ƙera shi da fitilun dare ba, saboda haka ba abin hawan bayan magariba ba ne. Mai kuwa, ƙa'idar matuƙa ita ce kashi ɗaya cikin uku na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya.

A Birtaniya, daga ranar 31 ga Maris, 2023, tuƙin ganganci a kansa na iya jawo ɗaurin shekara biyu da tara mara iyaka.