Yadda Bauta Ta Raba Amurka Gida Biyu

Jama'a, yau za mu leƙa tarihin Amurka, mu ga yadda 'yan ƙasa ɗaya suka zare wa juna takobi.

A shekarar 1860 akwai bayi kusan miliyan 4 a ƙasar, zuriyar waɗanda aka kwaso daga Afirka. Arzikin Kudu yana kan auduga, kuma bayi ke noma ta. Arewa kuwa ta daɗe da hana bauta, ta karkata ga masana'antu da aikin lada.

Abin da ya hura wutar shi ne sababbin yankunan yamma. Duk jihar da za ta shigo tarayya sai an yi jayayya: za a halatta bauta a cikinta ko kuwa? Amsar ce ke nuna ɓangaren da zai yi rinjaye a majalisa. A 1820 aka yi sulhun Misuri, aka shata iyaka tsakanin yankin bauta da na 'yanci. A 1850 aka sake ƙulla wani, amma tsugune ba ta ƙare ba. A 1857 kotun ƙoli ta yanke hukuncin cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne.

Da Abraham Lincoln ya ci zaɓen 1860 bisa manufar hana bauta yaɗuwa, sai jihohin Kudu suka fara ɓallewa har suka kai 11. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 1861, ya ci rayuka fiye da 600,000 kafin ya ƙare a 1865, shekarar da tsarin mulki ya haramta bauta.

Mu lura, duk sulhun nan an ƙulla shi ne ba tare da an ji ta bakin bawa ko ɗaya ba. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.