Daga Fangali Zuwa Akwati

Kakana na wajen uwa, wanda muke kira Baba Tsoho, ɗan lambu ne a bakin Jakara. Har yau ina jin kukan jigonsa da asuba: doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a gindinta, guga a ɗaya bakin. Ya ja igiya guga ya nutse, ya saki nauyin lakar ya ɗago masa ruwa, ya juye a magudana. Mu jikoki aikinmu shi ne buɗe bakin fangali da 'yar fartanya, idan ya sha ya ƙoshi mu toshe da laka mu wuce na gaba. Wanda ya yi wasa ruwa ya ɓalle, sai ka ji daga nesa, "Kai ɗan nan, gumina kake zubarwa!"

Wannan sana'a ta daɗe a Kano fiye da yadda yaran yanzu ke zato. Badalar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki, don ko an yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta ci shi. Lokacin da Bature Clapperton ya zo a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Birni da karkara kuwa cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi. Da rani jakuna su shigo da itace da hatsi, su fita da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar gida. Juji a lokacin dukiya ne.

Lambu na maza ne. Na mata shi ne garka, ɗan shingen kara a bayan ɗaki, kusa da inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. A ta kakata akwai rama da yakuwa da lalo da kuɓewa, ga zogale a kusurwa, kabewa ta haye rufin ɗaki. Ban taɓa ganin ta aiki yaro sayen ganyen miya da damina ba. Tumatir da tattasai da muke ganin kamar da su aka halicce mu, baƙi ne, asalinsu nahiyar Amurka. Kakata kam ta fi yarda da gauta da daddawa.

Abubuwa biyu suka kashe wannan tsari. Na farko alheri ne: madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta buɗe noman rani a Kadawa da Kura, kayan miya suka riƙa shigowa gari kwando-kwando, injin ban ruwa ya kori jigo. Na biyu shi ne siminti. Aka cike kududdufai aka yi gini, aka raba gidajen gado ɗaki-ɗaki, tsakar gida ta sha daɓe. Inda garkar kakata take, yau shago ne. Wannan yana yi mini ciwo, domin mun sayar da abin da ke ciyar da mu kullum saboda kuɗin haya na wata.

Sai a 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir har miya ta gagari talaka, na ga mata sun fara waiwaye. Aka soma shuka a buhun siminti da tsohuwar taya da fasasshen bokiti. Bara 'yata ta sa kafinta ya haɗa mata akwatuna biyu na katako, ta ce a waya ta gani, haka Turawa ke yi. Ta zuba ƙasa ta shuka alayyafo da latas. Sati uku a zafin Maris duk suka ƙone.

Da na duba sai na tuna Baba Tsoho. Bature yana ɗaga ƙasarsa ne saboda ruwa ya yi masa yawa, sanyi kuma na hana ƙasa ɗumi da wuri. Mu ruwa muke tattali, shi ya sa fangali yake zama kamar kwano, gefensa a tashe, cikinsa a ƙasa. Akwatin da rana ke duka ta kowane ɓangare, kafin azahar ya bushe.

Na ce, "Uwata, mu gyara." Muka ja akwatunan gindin katanga inda inuwa ke sauka bayan azahar. Muka gauraya ƙasar da jan yashi kaɗan da tsohon takin awaki wanda ya riga ya huce, muka bar tazarar yatsa huɗu daga bakin katako don ruwa ya samu wurin tsayawa, muka rufe sama da ƙaiƙayi. Ban ruwa sassafe da bayan la'asar, da ruwan da aka wanke shinkafa. Na hana ta latas sai sanyi ya shigo, na kawo mata irin rama da yakuwa daga kasuwar Rimi.

Ran da ta yi yankan farko ta yi mana kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Ƙaramin ɗanta yanzu shi ke riƙe da butar ban ruwa, kuma shekaranjiya na ji ta daga kicin tana yi masa tsawa don ya zubar da rabi a kan daɓe.