Kufan Bodi

A Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, gabas da manyan duwatsun Siyera Nebada, akwai wani kufai da a ke kira Bodi. Bisa tudu ya ke, tsawonsa ya fi ƙafa 8,000, ba itace ko na asawaki, sai gajerun ciyayi da iska mai sanyi. Ba domin zinariya ba, da ba mai kafa ko bukka a wurin.

Cikin shekarar 1859 wani mai neman zinariya, W. S. Bodey, ya sami ƙwayoyinta a nan. Bai ci moriyarta ba, domin kafin shekara ta fita dusar ƙanƙara ta rutsa shi a hanya, ya mutu. Garin dai ya gaji sunansa. Sai wajen 1876 aka faɗa kan jijiyar zinariya mai yawa. Nan da nan labari ya bazu, mutane suka yi ta kwarara, har a 1879 an ƙiyasta mutanen garin sun kai 7,000 ko fi, gidajen giya kuwa sun haura sittin. Faɗa da harbi sai ka ce abincin yau da kullum.

Babbar wahalarsu itace, na girki da na jin ɗumi da na tokare ramuka. Saboda haka a 1881 aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mil 32 zuwa wani daji kudu da tafkin Mono. Ba ta haɗu da kowace hanyar jirgi ba, aikinta jigilar katako kurum.

To, zinariya ba ta haihuwa. Da ta fara ja baya sai jama'a suka soma zarewa. Gobara ta ci garin a 1892, ta kuma komo a 1932 ta lashe mafi yawansa. A 1942 gwamnati ta hana haƙar zinariya saboda yaƙi, sauran mutane suka kama gabansu. Da yawa sun bar gadajensu da kujerunsu, gama kuɗin ɗauka ya fi kuɗin kayan.

A 1962 gwamnatin jihar ta karɓi wurin. Shawarar da ta yanke kuwa mai kyau ce, watau ba za a sāke gina garin ba, ba kuwa za a bari ya rushe ba. In rufi ya yi yoyo a toshe, in bango ya karkata a tokare shi, shi ke nan. Gidaje fiye da ɗari na nan tsaye. Mai leƙawa ta taga zai ga gwangwanaye jere a kanti, da tebura cikin makaranta, ƙura ta lulluɓe su. Ko ƙusa ba a yarda baƙo ya ɗauka ba.

Ba a kwana cikin kufan. Masu yawon buɗe ido su kan kafa tantinsu can cikin tuddan da ke kewaye, da barguna masu kauri, don ko da bazara ruwa ya kan daskare da dare. Da safe su bi tsofaffin hanyoyin kekunan doki. Ɗaya daga cikinsu ta nufi Orora, wani kufai a Jihar Nebada, wanda aka gina da jan bulo. Shi bai sami mai tsaro ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka rushe gidajensa, aka kwashe bulon aka sayar. Bodi kuwa, iyalin Cain, waɗanda suka mallaki yawancin filayensa, sun ajiye masu gadi tun kafin gwamnati ta zo.