Doka a Takarda, Janareta a Amoutivé

Mu da muke zaune a Amoutivé, kusa da filin tsohon Zangon Lome da aka tashe shi a 1977, mun daɗe da sanin cewa wutar Togo ta aro ce. A 1968 Togo da Dahome suka kafa hukumar CEB domin su riƙa sayen lantarki daga madatsar Akosombo ta Gana. Madatsar Nangbeto a kogin Mono ta zo a 1987 da megawat 65, shi ma rabawa ake yi da Binin. Da fari ya janye ruwan Akosombo a 1998, Lome ta yi watanni tana fama da duhu. Ta Adjarala kuwa, tun muna yara ake maganarta, har yau ba a gina ba.

Saboda haka ban raina dokar da aka sa wa hannu a Agustan 2018 ba, wadda ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar samar da wuta daga rana, iska da ruwa, ta kuma yi alkawarin sassaucin haraji a kan kayan aikin. Gwamnati ta ce kafin 2030 kowa zai samu wuta. An kuma ga aiki: tashar sola ta Blitta mai megawat 50 ta fara a 2021, shirin CIZO ya kai ƙananan faifan sola ƙauyuka.

To, amma ina mutumin birni a lissafin? A ganina nan ne giɓin yake. Dokar ta fi dacewa da mai jari ko mai rufin kansa. Yawancinmu haya muke yi, ɗaki ɗaya ko biyu a gidan da iyalai da yawa ke raba tsakar gida. Rufin na mai gida ne, kuɗin wuta na ɗan haya. Wa zai sayi faifai da batir ya ɗora a kan kwanon wani? Mai gida ba ruwansa, tunda ba shi ke biya ba. Sassaucin haraji ma a tashar jiragen ruwa ake cin moriyarsa, kafin kaya su iso kanti ya narke.

A 2024, da iskar gas daga Najeriya ta ragu aka koma rabon wuta unguwa-unguwa, tela da mai ƙanƙara a layinmu janareta suka tayar, rana tana dukan kwanon da ke bisa kansu.