Inda Shari'ar Kisan Kai ke Mutuwa Tun Kafin ta Kai Kotu

Da asubahin 13 ga Afrilu 2007, jajibirin zaɓen gwamnoni, 'yan bindiga suka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limanci a masallacinsa na Ɗorayi a Kano. Sahu-sahu na masallata suna bayansa. Duk da haka, har yau babu kotun da ta yanke wa wani hukunci a kan wannan jini. Wasu sun ɗora laifin a kan 'yan siyasa, wasu a kan Boko Haram, kowa ya riƙe zargin da ya dace da ɓangarensa.

Akan ce manya ne ke danne irin wannan bincike. Akwai ƙamshin gaskiya, amma a ganina shari'ar takan lalace tun a awannin farko. Jama'a kan cika wurin, a tattake sawu, a tsince kwanson harsashi, a wanke jini. Addini ya so a gaggauta jana'iza, dangi kuma ba sa yarda likita ya tsaga gawa. Wanda ya ga fuskar makashi yakan yi gum, domin ya san shaida na iya kwana a ofishin 'yan sanda kafin mai laifi. Sai a ce an bar wa Allah.

Kisan Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar, ya nuna ɗaya fuskar. An sace ta a Disamba 2021, an kama mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, a Janairu 2022, Babbar Kotun Kano ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin wannan shekarar. Neman kuɗin fansa ta waya ne ya bar sawun da taron jama'a ba zai iya tattakewa ba.

Idan bincike na iya lalacewa a Kano, ina ga Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, garuruwan kasuwa da motocin albasa da baƙi ke ratsawa dare da rana? Ofishin 'yan sanda na yanki ba ya kammala binciken kisan kai. Sai an miƙa fayil ga sashen binciken manyan laifuka a Birnin Kebbi, daga nan a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. Kafin mai bincike ya iso, an yi sadakar uku, direban da ya ga abin kuma ya sauke kaya a Legas.